Firmino Na Bayan Ƙyalle

A wata gonar kofi kusa da garin Vassouras aka haifi Firmino, shekara biyu bayan an yi dokar da ta ce ɗan da baiwa ta haifa ba bawa ba ne. Dokar tana can birni a kan takarda. Shi kuwa yana nan gona a bayan uwarsa Leocádia, yana tsintar 'ya'yan kofi tun bai iya ɗaura wando ba, kuma bulalar mai duba aiki ba ta taɓa tsayawa ta tambaye shi shekarar haihuwarsa ba. Yana da shekara goma sha biyar aka ce bauta ta ƙare gaba ɗaya. Aka yi kwana uku ana kiɗa, a na huɗu kowa ya ɗauki kwandonsa ya koma gona, don ciki bai ji labarin dokar ba. Bayan shekara uku ya durƙusa ya sumbaci hannun uwar, ta sa masa albarka, ta ƙulle masa garin rogo da mazarƙwaila, ya bi layin dogo da ƙafa har birnin Rio.

Shekara goma sha takwas ya yi a tashar jiragen ruwa yana ɗaukar buhu mai kilo sittin a ka, daga rumbu zuwa bakin ruwa, ya dawo ya ɗauki wani. Ya auri Zulmira mai wanki, suka kama ɗaki ɗaya a nan unguwar Gamboa, a gidan hayar da mutum arba'in ke bin layin famfo guda. Allah ya ba su 'ya'ya biyu, agana ta karɓe su a cikin wata ɗaya. Daga nan Zulmira ta rage magana, shi kuma bayansa ya fara ciwon da bai sake barinsa ba.

Abu ɗaya buhu bai cinye masa ba, muryarsa. Murya ce mai kauri, mai cika wuri, irin wadda in ya ja waƙa a coci ranar Lahadi tsofaffin mata ke waiwayowa. Ga shi da iya kwaikwayo kamar me. Lokacin cin abinci sai ya hau kan buhu, ya turo ciki gaba, ya saƙale babban yatsa a hammata, ya yi irin ta 'yan siyasar da ke zuwa tasha in zaɓe ya matso: “Ya ku 'yan ƙasa masu daraja! Ni da ku uwa ɗaya uba ɗaya muke, sai dai don Allah kada ku taɓa min kwat!” Mutane su yi ta dariya har gari ya fito musu ta hanci.

Wata rana yana cikin wannan sai ga Seu Orestes, wato Malam Orestes a yaren garin, wani gajeren ɗan Italiya mai yawan gumi, wanda ke da gidan silima a bayan babban titi. Ya zo karɓar akwatunan fim ne daga jirgi. Ya tsaya ya ji har ƙarshe, sannan ya yafito shi da hula.

“Kai, baƙi, zo nan. Ka iya karatu?”

“A'a, Seu.”

“Ya fi. Masu karatu sun cika gardama. Gobe ka zo da takalmi.”

A wancan zamanin hoto ba ya magana. Mutum zai buɗe baki a jikin farin ƙyalle ya rufe, ba ka jin komai sai mai fiyano. To sai masu silimar garinmu suka fito da dabara: a tsayar da mutane a bayan ƙyallen, kowa da mazurarin kwano a baki, in na cikin hoto ya motsa leɓe, na baya ya yi masa maganar. Aikin ke nan da aka kira Firmino. Reis dubu huɗu a rana, kuɗin wancan lokacin, a inuwa, ba buhu. Bai yi shawara da kowa ba, bayansa ne ya amsa.

Da farko fina-finan Turai yake yi wa murya, yau sarki, gobe alƙali. Sai Seu Orestes ya ga sauran masu silima suna samun jama'a da wasan tsokanar 'yan siyasa, ya ce shi ma zai yi nasa. Ya samo wani wanzami mai ƙaton tumbi, ya sa masa doguwar hula da lema, ya zama Sanata. Saura baran gidan Sanata. Ya dubi Firmino sama da ƙasa ya ce, “Me zai sa in biya wani, ga ka?”

A bayan gidan Seu Orestes aka ɗauka, yini guda, cikin rana. Labarin bai kai minti goma sha biyu ba. Bara yana barci a tsaye, ya jingina da tsintsiya. Sanata ya zo ya zungure shi da lema, ya tambaye shi abin da yake yi. Bara ya sosa kai, ya zare ido, ya washe baki, ya ba da amsa. Sanata ya sa ƙafa ya hankaɗa shi cikin kwamin wanki. Daga nan a kai bara rumfar zaɓe, ya jefa ƙuri'a sau biyar, kowane zuwa da hula daban da sunan wani mamaci. A ƙarshe 'yan sanda su zo, Sanata ya tsallake katanga, a kama bara a ja shi a ƙasa. Mai ɗaukar hoto yana juya hannun na'urarsa yana ihu: “Ƙara zare idon! Haƙora, ina haƙora? Kai, ba haka kuke yi ba?” Sau tara aka maimaita shurin nan kafin ya yi musu yadda suke so.

Da aka zo rabon murya sai aka ga matsala. Wanzamin nan, duk girman tumbinsa, muryarsa kamar ta ɗan akuya. Dole Firmino ya yi Sanata. Bara kuwa aka ba Lindolfo, wani farin mutum siriri mai tari, wanda ya tsufa yana jiran a ba shi babban wasa a dandali ba a ba shi ba. Lindolfo ya iya wata irin karyayyar magana da fararen gari ke cewa ta bayi ce, ta maƙale a hanci, kowace kalma an gutsure mata wutsiya. Firmino ya girma a cikin bayi, bai taɓa jin ko mutum ɗaya yana magana haka ba.

To haka aikin ya zauna. Ƙarfe biyu, ƙarfe huɗu, ƙarfe shida, Firmino ya shiga lungun nan mai zafi da warin kananzir, ya tsaya yana kallon kansa a jikin ƙyalle, a juye, dama ta koma hagu. Ya cika ƙirji da iska ya daka wa kansa tsawa: “Me kake yi a nan, malalacin banza?” Lindolfo ya maƙe murya ya ce, “Ina gadin tsintsiya ne, maigida, kada ta gudu.” Zaure ya ɗauki dariya. Firmino ya ce, “Ga ladan gadi!” ƙafa ta tashi, ya ga kansa ya faɗa cikin kwami. Ranar farko bai iya cin abinci ba. Bayan wata guda yana iya yi yana tunanin kuɗin gawayi.

Shekarar nan ta zaɓe ce, gari ya rabu biyu, masu bin ɗan takarar soja da masu bin na farar hula. In ka tambayi Seu Orestes wane ɓangare yake, sai ya ce shi baƙo ne a ƙasar nan, ɓangaren kujerunsa yake. Makon farko Sanata mutumin sojoji ne, yana rantsuwa da takobi, ɗalibai suka cika zauren suna tafi. Sai wani jami'in 'yan sanda ya zo ya sha kofi da Seu Orestes, bai daɗe ba ya tafi. Washegari Sanata ya wayi gari mutumin lauyoyi, wato ɓangaren farar hula, yana jawo Latin yana kuskure. Ɗalibai suka fasa gilashin ƙofa. Sanata ya koma mai kewar tsohon sarkin da aka kora, tunda wannan ba shi da masu jifa. Hoto dai ɗaya ne, ba a taɓa shi ba, magana kawai ake canzawa. Lindolfo ya karanto daga takarda, Firmino ya haddace. Jawabi huɗu ya haddace wa Sanata a cikin wata biyar. Maganar bara kuwa ko kalma ɗaya ba a taɓa gyarawa ba, don babu jam'iyyar da ta taɓa kawo ƙara a kanta.

Kuma abin haushi, mutumin da ke jefa ƙuri'a sau goma sha biyar a rana a jikin ƙyalle, shi kansa ba shi da ƙuri'a, tunda doka ta ce sai wanda ya iya rubuta sunansa.

In ya bi ta tasha da yamma tsofaffin abokan aiki sukan ɗago daga kan buhu. “Ranka ya daɗe, Sanata! Yaya mazaunai, sun warke?” Ya yi dariya ya ɗaga musu hannu. Wasu ba wasa suke yi ba. Wani dattijo a ƙungiyar 'yan dako ya taɓa tare shi ya ce, “Mu muna nan muna faɗa a daina kiranmu dabbobi, kai kana can kana nuna musu haƙora.” Firmino ya ce, “In ban yi ba wani zai yi, ko su shafa wa fari baƙin tukunya.” Dattijon ya ce, “To bari su shafa mana.” Zulmira kuwa ko sau ɗaya ba ta je kallo ba. Ta ce ita ta wanke wandon ranar da aka ɗauki hoton, ta ga inda takalmin ya sauka, ya ishe ta.

Ana cikin haka wasiƙa ta zo daga Vassouras, mai kantin gona ne ya rubuta. Lindolfo ya karanta masa a lungun, tsakanin wasan ƙarfe biyu da na huɗu. Wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya ba da labari a can cewa ɗan Leocádia yana tafiya a jikin ƙyalle a birni, tare da sanatoci. Tsohuwa ta ce ba za ta mutu ba ta gani ba. Tana tafe ranar Asabar, za ta koma Litinin.

Firmino ya yi lissafi. Shekara bakwai rabonsa da ita. Matar nan ta sha tsayawa a gona da kwando a ka tana kallo ana dukansa, ba ta da ikon cewa uffan. Yanzu za ta hau jirgin ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zo ta zauna a cikin mutum ɗari biyu, ta ga an shure shi, ta kuma ji wani farin mutum yana cusa masa maganar wawaye a baki. Shurin ba yadda zai yi da shi, ya riga ya shiga hoto. Amma maganar fa? Sau huɗu aka tsara wa Sanata tasa. Shi sau ɗaya kawai yake so, uwarsa ta ga fuskarsa ta ji muryarsa tana fitowa daga ita, tana faɗin magana irin ta mutane.

Ya sami Seu Orestes a bakin ƙofa yana goge wuya da hankici.

“Seu Orestes, alfarma nake nema. Ranar Lahadi, wasan ƙarfe biyu kawai, a bar ni in yi bara, Lindolfo ya yi Sanata.”

“Don me?”

“Uwata za ta zo.”

“Madalla! A ba ta kujera kyauta, ita da matarka, a kujerun aji na biyu. Amma murya a bar ta yadda take. Mutane sun biya ne su ji baƙi yana magana kamar baƙi.”

“Seu Orestes, ai ni baƙi ne. Ga yadda nake magana.”

Ɗan Italiyan ya dafa masa kafaɗa, da zuciya ɗaya fa, ba da mugunta ba. “Kai daban ne, Firmino. Kai ba ka iya ba.”

Ya koma lungu ya zauna a kan akwati, ya rasa ma ta inda zai fara jin haushi. Lindolfo ya gama tarinsa, ya dube shi ya ce, “Ranar Lahadi yana cin taliya a gidan ƙanwarsa har ƙarfe uku. Ni na san jawabin Sanata, ai ni nake karanta maka. Muryar ce ba ni da ita.”

“Ka cusa bakinka cikin mazurarin sosai.”

“In an kore mu fa?”

“Ka ce ni na ƙwace.”

“Haba, wa zai yarda? Kai da ko ƙuda ba ka kora.” Ya sake yin tari. “To shi ke nan, abokina. Ni ma tsintsiyar nan ta ishe ni.”

Ranar Asabar Leocádia ta sauko daga jirgi da kaza a hammata, takalmanta a rataye a wuya. Tun shekarar da aka 'yanta su ta saye su, ba ta sa su sai za ta shiga coci. Ta ƙanƙance, ta rame, amma idonta garau. Firmino ya cire hula ya durƙusa a tsakiyar tasha.

“A sa min albarka, Mama.”

“Allah ya yi maka albarka, ɗana.” Ta riƙe hannunsa ta juya shi tana dubawa. “Iye! Hannu ya yi laushi kamar na fadan coci. Ashe da gaske ne.”

A gida Zulmira ta dafa wake da busasshen nama, tsohuwa ta ci tana ba da labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu. Ya yi ƙoƙarin shirya ta. Ya ce, “Mama, abin nan fa wasa ne, na ban dariya. Ana ɗan ture-ture a ciki.” Ta ce, “Kai, rabu da ni. An gaya maka ban taɓa ganin wasa ba?”

Duk yammacin nan yana ta tsara abin da zai faɗa. Ya haɗa jawabi mai kyau, da 'yanci a ciki, da doka, da ɗan ƙasa, irin kalmomin da ya saba jujjuyawa a bakin Sanata. Ya maimaita shi a bakin famfo har wata maƙwabciya ta tambaye shi ko takara zai tsaya.

Lahadi ƙarfe biyu saura, Leocádia ta zauna a kan dakalin silima ta sa takalmanta, Zulmira ta riƙe mata hannu suka shiga. Firmino ya zagaya ta baya. Aka kashe fitilu, mai fiyano ya fara, haske ya faɗo a kan ƙyalle. Ga bara yana barci da tsintsiya. Ga Sanata da lema. Lindolfo ya tura baki cikin mazurari ya yi iyakar ƙoƙarinsa: “Me kake yi a nan, malalacin banza?”

Firmino ya ɗaga nasa mazurarin, ya dubi fuskar nan da ta fi shi girma sau uku, ido a zare, haƙora a waje, hannu yana sosa ƙeya. Jawabin jiya ya bi iska. Ina za ka sa 'yanci da doka a cikin wannan bakin? Ga leɓe yana motsi, ba ya jira. Sai kawai ya ji kansa yana magana da muryarsa ta gida, wadda yake yi wa Zulmira magana da ita, a hankali.

“Na gaji ne, ranka ya daɗe. Tun ina shekara shida nake aiki.”

Zauren ya yi tsit, kamar na numfashi ɗaya. A cikin wannan shirun Firmino ya ji wani sanyi a ransa, ya ɗauka an ji.

Sai wani a kujerun gaba ya fashe. Na kusa da shi ya kama. Kafin bara ya gama sosa kai dariyar ta kai bango, har kujerun aji na biyu, har namu baƙaƙen mutanen. Kai, ba a taɓa yin irinta a gidan nan ba! Wannan murya mai nauyi kamar ta fadan coci a kan gawa, tana fitowa daga wannan fuskar ta wawa, abin ya fi ƙarfinsu. A jikin ƙyalle bara ya yi hamma ya murguɗa baki, kuma dole a sa masa magana. Firmino ya ce, “Bayana ciwo yake yi. Na binne 'ya'ya biyu a wata ɗaya.” Aka fara buga ƙafa a daɓe. Wata mata tana cewa wayyo cikinta. Lindolfo ya juyo ya dube shi, idonsa ya kawo ruwa, amma ƙafar Sanata ta riga ta tashi, dole ya ce, “Ga ladan gadi!” duk da ba wanda ya yi zancen gadi. Wannan ma aka yi masa dariya.

A rumfar zaɓe ya ce, “Ni ban iya rubuta sunana ba, shi ya sa kuke ara min na matattu.” Ɗalibai suka miƙe tsaye suna tafi, suna cewa a maimaita. Da 'yan sanda suka zo jan bara a ƙasa, bakinsa a buɗe yana ihu, Firmino ya sauke mazurari, bai ce komai ba. Suka ɗauka shirun ma cikin wasan yake.

Fitila ba ta gama kamawa ba sai ga Seu Orestes ya faɗo lungun, da adiko a wuya, da jan miya a gemu. Tun daga gidan ƙanwar tasa da ke nan kan titin ya jiyo hayaniyar, ya baro taliyar. Lindolfo ya fara cewa, “Seu Orestes, laifina ne,” amma mutumin ya wuce shi ya rungume Firmino, kansa iyakar ƙirjinsa.

“Ɗan banza! Kana da wannan a ciki ka ɓoye min? Daga yau haka za a yi, kullum! Kada ka canza ko kalma ɗaya. Har da na 'ya'yan nan, wannan ya fi kashe su. Ina ka samo shi?”

Firmino ya ce, “Zuwa ya yi kawai.”

Haka kuwa aka yi. Wata goma sha ɗaya wasan nan yana cika zaure. Jaridar masu bin soja ta rubuta cewa baran nan ƙasa ce da lauyoyi suka gajiyar, ta masu farar hula ta ce ƙasa ce da takobi ya gajiyar, duka biyun kuma suka yaba wa Seu Orestes da basira. Yara a titi suka mayar da “na gaji, ranka ya daɗe” abin tsokana. Daga baya fina-finan waje suka cika gari, dogaye, masu araha, aka daina yin namu, aka sallami na bayan ƙyalle gaba ɗaya. An ce kwafin wasan ya ƙone tare da wani ɗakin ajiya. Lindolfo ya mutu a asibitin masu tari. Firmino ya koma tasha, da buhu ya gagare shi aka ba shi shara, a kanta ya tsufa. Amma duk wannan daga baya ne.

A ranar dai, da ya fito, ya tarar da uwarsa da Zulmira a kan dakali, tsohuwa tana cire takalmi. Ta ce, “Ƙafata ta yi zafi.” A hanya Zulmira ta ja shi gefe ta gaya masa cewa tun daga farko har ƙarshe Mama tana zaune a miƙe, hannu a kan cinya. Wani mutum a kusa da ita yana ta dukan gwiwa yana share hawaye, ta taɓa shi ta ce, “Ɗana ne.” Mutumin ya ce, “Ai kuwa ya iya, Iya,” ya ci gaba da dariyarsa.

Wasan ƙarfe huɗu da na shida ya koma ya yi su kamar yadda aka umarce shi. Da ya dawo gida tsohuwa ta yanka kazar da ta zo da ita, ta zuba masa cinya biyu, ta zauna tana kallonsa har ya cinye. Ta yi zancen ruwan sama, ta yi zancen tsadar gishiri. Shi kuma yana ta addu'a a ransa kada ta taɓo wancan.

Litinin da safe ya raka ta tasha. Ya samo mata wuri kusa da taga a taragon talakawa, ya ɗora mata ƙunshin burodi da sukari a cinya, ya sauko ya tsaya a ƙasa. Ya cire hula, ta miƙo hannu ta taga ya sumbata, ta sa masa albarka. Ba ta saki hannunsa ba.

“Firmino.”

“Na'am, Mama.”

“Maganar nan da ka yi a bayan ƙyalle, wa ya tsara maka ita?”

Ya dubi hular da ke hannunsa. “Masu wasan ne, Mama. Su suke rubutawa, mu mu haddace. Wasa ne kawai, don a yi dariya.”

Ta gyaɗa kai, ta daɗe tana gyaɗawa. Jirgi ya yi kuka, tarago ya girgiza.

“To ka gaya musu sun yi kuskure wuri ɗaya,” in ji ta. “Biyar gare ka, ba shida ba. Ni na saƙa maka kwandon.”

Jirgin ya ja, hannunta ya zame daga nasa. Ya tsaya har hayaƙin ya baje, sannan ya mayar da hula ya kama hanyar silima, don kada ya makara. Bai sake ganinta ba, kafin Kirsimeti aka aiko ta rasu.

Ƙarfe biyu ya shiga lungu ya ɗauki mazurari. Sanata ya zunguri bara da lema, Lindolfo ya yi tambaya, Firmino ya ce ya gaji, tun yana shekara shida yake aiki. Zaure ya ɗauki dariya. Sau uku a rana, wata goma sha ɗaya, shida yake cewa. Biyar ɗin bai taɓa ba su ba.